Ranar da Baba Barka Ya Wuce Bai Gaisa Ba

Idan kana sauri, kada Allah ya haɗa ka da Baba Barka a ƙofar ma'aikatar ruwa. Ni na sha wannan wahalar shekara da shekaru, domin tare muka kama aiki, shi a ɗakin famfo, ni a ɗakin gwajin ruwa, bango ɗaya ya raba mu. Daga bakin get zuwa kujerarsa taku kaɗan ne, amma sai ya gaisa da mai gadi ya tambayi haƙorin matarsa, ya gaisa da mai shara ya tambayi jarrabawar ɗanta, ya leƙa rumfar direbobi, ya tsaya wajen mai shayi. Ni kuwa ina gefe da kwalabe a hannu ina cika ina batsewa. In na ce masa, "Mutumina, ruwan gari fa ba ya jiran gaisuwa," sai ya ce, "Barka dai, barka dai, ga ni nan tafe." Daga nan sunan ya bi shi, har ya danne na yanka.

Aikinsa kula da manyan injinan da ke jawo ruwa daga madatsa zuwa tankunan tacewa, su kuma tura shi cikin gari. Lokacin da muka fara, da ƙarfin damtse ake murɗa kowane bawul mai buɗe ruwa da rufe shi, mutum ya tashi aiki hannunsa baƙi ƙirin da giris. Daga baya aka kawo kwamfutoci, aka jera alluna a bango, sai ka zauna ka latsa nan ruwa ya tashi, ka latsa can ya tsaya. Da yawa cikin sa'o'inmu a nan suka sare. Baba Barka kuwa ya sayi tabarau, ya koya a hankali da yatsa ɗaya, har ya iya. Kujerarsa mai juyawa ce, hannunta na hagu ya karye an ɗaure da roba, ga matashin da mai ɗakinsa ta ɗinka masa saboda ciwon baya. An sha kawo sababbi yana tura wa yara. Kullum maganarsa ɗaya ce: daga kan wannan kujerar zai tashi ranar ritayarsa, da ƙafarsa, ba wanda ya tashe shi.

'Yarsa ta fari ita ce ta zo ta rikita masa lissafi. Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. A gabana aka haife ta, a gabana ta girma, kuma na rantse albasa ba ta yi halin ruwa ba. Yarinya ce shiru-shiru, mai kallon mutum ta saman tabarau, in ka yi mata tambaya goma ta amsa ɗaya. Ni dai ina sonta saboda halinmu ya zo ɗaya, ba ma ɓata miyau. Ta yi karatun kwamfuta, ta yi aure, ta haihu, sannan aka ɗauke ta aiki a ma'aikatarmu, a hawa na sama, sashen tsaron na'urori. Ranar da ta fara, sai da uban ya zaga da ita kowane ofis, tana tafe tana sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da laifi.

A lokacin ne labarin masu kutse ya yi yawa. Yau a ce sun shiga kwamfutocin wata ma'aikatar gwamnati sun kulle komai, gobe a ce sun taɓa na masu wutar lantarki a wata ƙasa. Aka tara mu aka yi mana bayani. Ɓarawon yanzu ba ya haura katanga, saƙon imel yake turo maka mai kama da na wanda ka sani, kai da kanka ka latsa ka buɗe masa ƙofa. In ya shiga ta kwamfutarka sai ya yi ta rarrafe daga wannan zuwa waccan, har ya kai ga wadda ke juya injina. Ni da nake auna sinadarin da ake zuba wa ruwa, na fi kowa sanin abin da zai faru idan baƙon hannu ya ƙara ko ya rage shi. Ranar ban yi wa kowa tsiya ba.

Sai hukuma ta fito da dabara. Za a riƙa turo mana saƙonnin ƙarya daga cikin gida don gwaji, duk wanda ya latsa a tura shi aji ya sake koyo. Su ma'aikatan ɗakin famfo kuwa dokarsu ta fi tsauri: ka faɗa sau uku, a ɗauke ka daga gaban alluna a mayar da kai sito, ka ƙarasa aikinka kana ƙirga bututu. Wadda aka ɗora wa rubuta saƙonnin ita ce 'yar Baba Barka. Kafin wata ya ƙare kowa ya manta sunanta, sai Mai Tarko.

Kuma ta iya ɗana shi, Allah ya sani. Ba ta rubuta maka ka ci mota ko ka ci gida, ta san wannan ko yaro ya gane. Tarkonta na farko cewa ya yi an kwantar da wani tsohon ma'aikacinmu a asibiti, latsa nan ka ga ɗakin da yake. Baba Barka bai ko ƙarasa karantawa ba ya latsa. Allo ya yi ja, aka rubuta masa cewa ya faɗa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce da ni, "To shi dai lafiyarsa ƙalau ko?" Sai da ya buga wa tsohon waya ya ji muryarsa sannan hankalinsa ya kwanta.

Na raka shi aji don in sha dariya. Ya zauna a layin gaba ya harɗe hannu, 'yarsa tana tsaye da sanda tana nuna allo. Ya ɗaga hannu.

"Malama, ina da tambaya."

Aji ya ɗauki dariya. Ita ko ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Ina ji, Baba."

"Yanzu in da gaske mutum ba shi da lafiya fa? Sai in share shi?"

"Ka kira shi a waya. Ko ka taka ka je."

"Madalla," in ji shi. "Ashe dai har a kwamfuta zumunta a ƙafa take."

Na ɗauka ya ji. Ina! Hali zanen dutse. Bayan 'yan watanni aka turo na biyu: an yi wa wani direbanmu haihuwa, ga hotunan jariri. Ya latsa. Abin takaicin, a daidai lokacin ƙararrawar wani tanki ta buga, ya juya kujera can, bai ga jan allon ba. Da aka tashi sai ya biya shago ya sayi sabulai da 'yar riga, ya tarar da direban yana wanke mota, ya rungume shi yana barka, barka, Allah ya raya. Direba ya tsaya da soso a hannu yana raba ido, domin autarsa ma ta shiga sakandare. Har yau in direbobi suna son tsokanarsa sai su tambaye shi lafiyar jariri.

Dariya dai an sha, amma saura ɗaya, kuma ritayarsa ba ta fi 'yan watanni ba. Na ga abokina ya canja. Saƙo in ya shigo sai ya ja kujera baya, ya leƙa shi daga nesa kamar mai leƙen rijiya. Wani lokaci ya ƙwanƙwasa bango in zo in duba masa. Ni ba a taɓa kama ni ba, kuma kada ka ɗauka wayo ne, saƙon kowa ne ba na buɗewa, har na shugaba.

A gida ma zancen ya hana su sakat. Wata Asabar na je cin abinci, 'yar ta zo da yaranta, mai ɗakinsa ta kafa doka cewa ba zancen ofis a kan tabarmarta. Ita ta fara karya dokar. Ta bi 'yar zuwa kicin, mu kuma muna jiyo su ta taga.

"Ke yanzu ubanki za ki mayar sito da furfurarsa?"

"Inna, ba ni nake zaɓen wanda za a tura wa ba. Na'ura ce take rabawa."

"To in za ta raba, ki ɗan yi masa tari mana. Ko ki kira ni ki ce yau a dafa wake, ni na gane."

"Inna, ruwan da kike sha ne fa. Da shi nake yi wa jikokinki wanka."

Baba Barka ya ɗaga murya daga inda muke: "Ki ƙyale mini Uwata ta yi aikinta!" Ya faɗa da fara'a, amma na ga bai ƙarasa abincinsa ba.

Da zan tafi 'yar ta rako ni bakin titi. Ta daɗe tana wasa da makullin mota kafin ta ce, "Baffa, ka san abin da ya sa tarkona yake kama mutane? A gidanmu na koya. Ina zama in ce, me zai sa Baba ya ajiye cokali ya nemi takalminsa? Sai in rubuta shi." Ta ce duk ranar da za a tura saƙo ba ta iya karya kumallo. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, amma irina ba su iya lallashi ba, sai na ce mata ta kula da hanya.

Ranar da abin ya faru safiya ce kamar kowace. Na shiga ɗakin famfo da sakamakon gwaji, na tarar da shi zaune ya ƙura wa allo ido, hannunsa a kan linzamin kwamfuta. Abokin aikinsa yana can gefe yana duba tankuna. Baba Barka ya ce da ni, "Zo ka gani."

Saƙo ne da sunan 'yarsa. An rubuta: "Baba, ka taimake ni, na yi kuskure a aiki, in shugaba ya gani za a kore ni. Buɗe wannan ka saka kalmar sirrinka ta ɗakin famfo in gyara kafin ya iso. Kada ka gaya wa kowa. Ya gwiwar taka?"

Har gwiwar an sani. Na ce, "Kada ka taɓa."

Ya ce, "In da gaske ne fa? Uwata ce."

"In kuma tarko ne, sito."

Ya sake karanta saƙon. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi: jijiyar goshinsa ta tashi. Ya saki linzamin kamar ya taɓa garwashi. Ya ce, "Asibiti na yafe. Jariri na yafe. Amma da sunanta? Da wahalarta za ta ɗana mini, don ta san ba zan iya kau da kai ba?" Ya ce da abokin aikinsa ya riƙe masa alluna, ya miƙe ya fita.

Na bi shi da kwalabena. Mai shara ta ce, "Baba, ina kwana?" Ya wuce. Mai shayi ya ɗago kofi, ya wuce. Direban jariri ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskarsa, ya mayar da bakin ya rufe. Ruwa ba ya tsami banza, kowa ya san da magana. Kafin mu kai matakala mutane sun firfito daga ofisoshi suna tambayar juna ko rasuwa aka yi. Ya dafa ƙarfe ya fara hawa da gwiwar nan tasa mai ƙara, ni ina bayansa ina haki, jama'a na bayana.

Ya tura ƙofar ofishin 'yarsa ba sallama. Tana zaune da kofin shayi, abokan aikinta biyu na gefe. Ta miƙe da sauri.

"Baba, lafiya?"

"In kujerar kike so in bari, ga ni, ki faɗa mini ido da ido. Zan tafi siton da kaina. Amma ki rubuto mini za a kore ki? Kin san abin da zuciyata ta yi? In kuma gaskiya ne kin yi kuskure, ɗauko mayafinki mu je wajen shugaban tare, ni zan yi magana."

"Wane saƙo?"

"Kada ki yi mini wannan kallon na uwarki. Wanda kika turo yanzu."

Ta ajiye kofin a hankali. Ta ce, "Baba, wannan watan ban rubuta tarko ko ɗaya ba." Sannan ta tambaye shi da wata irin murya, "Ka latsa?"

"Da na latsa zan hawo bene?"

Ban taɓa sanin yarinyar nan tana da baki haka ba. Ta juya kan kwamfutarta, yatsu na gudu, tana ba da umarni ba ko numfashi: wannan ya kira shugaba, wancan ya sanar da hukumar tsaro ta ƙasa, a raba ɗakin famfo da sauran na'urorin ma'aikata yanzu-yanzu, kowa ya ɗauke hannu daga imel. Daga baya muka ji yadda abin yake. Masu kutsen sun daɗe da shigowa ta wata kwamfuta a ofishin karɓar koke, suka laɓe suna karanta saƙonninmu, har suka san wa ke ɗan wa, wa ke ciwon gwiwa. Ƙofar ɗakin famfo ce kawai ta gagare su, shi ya sa suka zo neman makulli wajen mutumin da suka ga ya fi kowa taushin zuciya. Da suka ga an farga sai suka kulle kwamfutocin ofisoshi suka gudu, amma ba su kai ga injin ko ɗaya ba.

Shi kuwa gogan yana tsaye a tsakiyar ɗaki, fushi ya rasa inda zai sauka. Ya ja hannun rigata ya ce, "Wai ba ita ba ce?"

Na ce, "Ɓarayi ne."

"Alhamdu lillahi!" in ji shi da ƙarfi, har shugaba da ke shigowa ya tsaya yana kallonsa. Mutum ne aka gaya masa ɓarayi sun shigo ma'aikata yana hamdala. Sai kuma ya dafe kai: "Kai, ban amsa gaisuwar mai shara ba." Ya juya ya sauka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri.

Kwanakin da suka biyo baya da hannu aka juya injina, don an kashe alluna ana bincike. Tsofaffi da yara duk suka koma murɗa bawul, kowa na kuka da ƙugunsa. Ni aka ninka mini gwaji, ina yawo da kwalabe daga tanki zuwa tanki ina tsine wa masu kutse da duk wanda ya koya musu karatu. Ma'aikatan ofis suka koma biro da takarda. Amma a cikin gari ba wanda ya buɗe famfo ya ji iska. Matata ma sai a rediyo ta ji labari, ta tambaye ni ko a wajenmu ne.

Da ƙura ta lafa, shugaba ya so ya yabi Baba Barka a taro, wai ya nuna basira. Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ba basira ba ce, fushi ne. Ni faɗa na je yi." Tun daga ranar kuwa ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: duk saƙon da ya zo da sunan wani, sai ya taka ya je ya tambaye shi. Gwiwa ta sha wuya, gaisuwa ta ƙaru, ni na ƙara shiga uku. Tarkuna sun zo bayan nan, sun wuce shi.

Ranar ritayarsa ya zo da sabuwar riga. Ya zauna a kujerarsa ya yi aikinsa har lokacin tashi, ya yi wa kowane inji sallama. Yana shirin miƙewa sai saƙo ya shigo, da sunan 'yarsa. Ya ja kujera baya ya leƙa. Sannan ya tashi, da ƙafarsa, ya ɗauki matashinsa ya saƙale a hammata, ya ce in raka shi sama.

Wannan karon ya yi sallama.

"Uwata, an turo mini abu da sunanki. Naki ne?"

"Nawa ne, Baba. Ka buɗe, ba komai."

"Na riga na yi sallama da kwamfuta. Ga ni, ga ki. Karanta mini."

Ta kalle ni, ta kalli abokan aikinta, kamar mai neman ƙofar gudu. Yarinyar da ta zaɓi rubutu don kada bakinta ya faɗa, ga shi an tsare ta. Ya ja kujera ya zauna ya ɗora matashin a cinya. Ta juyo da allo, ta gyara tabarau, ta fara karantawa ƙasa-ƙasa.

"Baba, duk tarkon da na rubuta, kai nake tunawa, don ban san wani wanda ciwon mutane yake tayar da shi tsaye kamar kai ba. Duk ranar da ka faɗa, a ofis kunya nake ji, amma a hanyar gida sai in ji ba wanda ya kai ni uba. Ranar da ka hawo bene kana fushi, ka ce in ɗauko mayafina mu je tare..."

A nan muryar ta tsaya. Ta cire tabarau ta rufe fuska da gefen mayafi. Ni kuma wani abu ya faɗa mini a ido, na juya ina duba taga.

Baba Barka ya miƙe, ya gyara matashinsa a hammata, ya dafa kanta.

"Bar sauran haka, Uwata," in ji shi. "Gobe ba ni da aiki. Ki zo gida ki ƙarasa mini."